Gadon Da Ya Ƙi Fita

Kabad ɗin kicin mahaifiyarta ta zo ba da aiki, ranar da ta fara ganinsa da fensir a kunne da garin katako a gira. Kafintan nan, wanda bai taɓa kuskuren awo ba, ya yi ta komawa gidansu wai ya manta faɗin bango. Kafin kabad ya tsaya, tana ce masa Ɗan Zarto, shi kuma yana kiranta Madubina.

Mahaifinta ne ya ɓata komai. Da kafinta ya je neman aurenta, ya ce masa a gaban baƙi ba zai ba mai warin gam 'yarsa ba, ga ɗan amininsa dillalin motoci yana jira. Kunya ta sa kafinta ya daina ɗaga wayarta. Ita kuwa ta yi kuka har ta gaji, sannan ta rantse sai ya ɗanɗana abin da ta ji.

Ta tura masa saƙo: "Malam kafinta, ina son gadon aurena, na katako mai nauyi, da sassaƙa a kai. Da hannunka za ka yi, kada yaranka su taɓa."

Amsarsa ta zo a taƙaice: "An gama, ranki ya daɗe."

Wannan ladabin ya fi zagi ƙona mata rai. Dillali dai ko murmushi bai taɓa samu a wajenta ba, amma ba ta bari kafinta ya sani ba. Kullum sai ta aiko da gyara, yau ƙafa ta yi gajarta, gobe furen ya yi muni.

Shi ma ashe ya ƙulla tasa. Ranar ɗaukar kaya ya kai ta da mahaifinta ɗakinsa na bayan shago. Ga gado ya cika ɗaki, sai sheƙi yake. A ciki ya haɗa shi, babu ƙusa ko noti, kowace gaɓa ta shige 'yar'uwarta an bi da gam. Masu dako suka juya, suka karkata, gado ya fi ƙofa faɗi.

"Kayan ba sa fita, Madubina," ya ce a hankali. "Sai dai mai kaya ta shigo."

Mahaifinta ya ce a kawo zarto a raba shi biyu. Sai ta je ta zauna a tsakiyar gadon, hawaye na zuba, ta ce a fara da ita.

Tsohon ya daɗe yana duban 'yarsa, ya shafa sassaƙar, ya ja numfashi. "Ko a rushe bango, ko a ɗaura aure. Bangon kuma na mai gidan haya ne."

Aka ɗaura aure, iyaye suka sa albarka, dillali ya nemi wata. Amma ba ta yafe wa kafinta shirun wayar nan ba. Har yau in ya ɓata mata rai, sai ta tsaya bakin ƙofa ta ce, "Ɗan Zarto, fito min da gadona, gida zan tafi."