Faifan da Baba Ya Ɗinke Cikin Fata

Da la'asar sakaliya Manga ya rufe shagonsa na gyaran waya da kwamfuta, ya tari keke zuwa unguwar Abbare. A cinyarsa akwai wani ɗan baƙin inji da ya samo da ƙyar wajen 'yan gwangwan, irin wanda ake jona wa tsohuwar kwamfuta daga waje don ta karanta faifan fulofi. Yayarsa ce ta sa shi nema, kuma duk wanda Adda Raliya ta sa a gaba, barcinsa ya ƙare.

Tun daga bakin layi ya jiyo dariyarta. Kaf unguwar an san dariyar nan, har masu keke kan yi kwatance da ita. Tana ƙarama ta je wanki kogin Mayo Gwoi ta dawo ba baki, ta yi damina guda ko uffan. Ranar da bakin ya buɗe sai ta shiga ramuwa, har yau ba ta gama ba. Manga kan ce ta ishe shi, amma in ya kwana biyu bai ji ta ba, abinci ba ya yi masa daɗi. Wajen haihuwarsa mahaifiyarsu Dada ta rasu, muryar Adda ce ta raine shi.

Bai taɓa ganin fuskar Dada ba, ko a hoto. Babansu, wanda ya yi shagon buga takardu lokacin da jiharsu take sabuwa, ya taɓa cewa ya sa hotonta a kwamfuta. Bayan rasuwarsa Adda ta tsinci faifai guda a ƙasan akwatinsa, an ɗinke shi cikin jar fata kamar laya. Nan take ta yanke hukunci: abin da aka yi wa wannan gata, ai hoton ne.

"Ka kawo?" in ji ta, ko sallamarsa ba ta amsa ba.

"Na kawo, Adda. Amma a bari sai da safe mana, magariba ta kusa."

"Fuskar Dada kake ce min da safe? Wuce, don Allah."

Ba su gaya wa Goggo ba, yayar babansu, wadda ke can bayan ɗaki tana alwala. Suka shiga ɗakin Baba. Warin tsohuwar takarda da kashin ɓera ya tare su. Kwamfutar na kan tebur, farinta ya koma ruwan ƙwai, ramin faifanta ya daɗe da mutuwa. Manga ya juyo bayanta, ya daidaita bakin wayar injin mai faɗi da haƙora, ya tura, sannan ya ɗaure kusoshinta biyu tamau da sukundireba. Dokoki biyu ya koya wajen ogansa Tobias, kuma da ranƙwashi ya koye su: a ɗaure waya sosai, kuma kada a kuskura a zare faifai koriyar wutar injin na kunne, abin da ke ciki zai lalace.

Ya farke fatar da reza. Faifan baƙi ne, ba rubutu. An manne ɗan murfin ƙarfen bakinsa da salatif, an naɗe da zare. Ya kwance zaren, ya ɓare salatif ɗin. Mai gyara a garin nan, ko jariri ka miƙa masa sai ya fara hura shi kafin ya tambayi me ke damunsa. Manga ya ja murfin da babban yatsa, ya hura ciki. Ko bismillah bai yi ba.

Iskar ta dawo masa a fuska, da sanyi, da ƙarnin laka.

Ya share hanci, ya ce danshi ne. Ya tura faifan cikin injin. Ƙat. Koriyar wuta ta kama. A masallacin layi ladan ya ɗaga murya.

Kirr. Kirr. Kirr.

Hoto ya fara sauka a gilashin daga sama, layi bayan layi, a hankali yadda tsofaffin injina ke yi. Adda ta dafa kafaɗarsa tana zuba, wai Dada ta fi ta haske, wai hancin Manga nata ne sak.

"Manga, ga ɗankwalinta! Wallahi na san shi!"

Ya yi murmushi. Sai murmushin ya daskare. Adda na bayansa ta hagu. Maganar kuwa daga dama ta fito, daga kan tebur, daga ramin injin.

Ya waiwaya.

Bakinta na motsi. Babu abin da ke fita. Ta kama maƙogwaro da hannu biyu, idanunta sun firfito.

"Manga," in ji injin, da muryarta, a hankali. "Manga, tsaya ka gani."

Ruwa ya fara ɗiga daga ramin. Baƙi, mai yashi. Ɗis. Ɗis. Ƙarnin kogi ya cika ɗakin, kwaɗi suka ɗauki kuka a ƙarƙashin gado, inda ba kwaɗo ko ɗaya.

Buta ta faɗi a bakin ƙofa. Goggo ce, hannuwanta jiƙe, tana kallon fatar da aka farke.

"Wa ya buɗe?" ta yi raɗa. "Abin da ya riƙe bakinta a kogi tana ƙarama ne a ciki. Wani malami a garin Iware ya ce a kawo abin da ke rufe bakinsa da kansa a kulle shi ciki, babanku ya miƙa wannan. Cire faifan, Manga. In ya gama shanye muryarta, ta tafi ke nan."

Ya fizge wayar wuta daga bango. Gilashin bai mutu ba.

Ya kama wayar injin ya ja. Kusoshin da ya ɗaure da hannunsa suka ce ba su san zancen ba.

Saura maɓallin tofar da faifai. Ya ɗora yatsa a kai.

Koriyar wutar na kunne.

Yatsan ya ƙi. Shekaru ya yi yana kiyaye wannan doka, ta shige masa ƙashi. Ga hoton ya sauko goshi, goshi mai faɗi irin nasa, ga gira ta fara fitowa. In ya danna yanzu, ba zai ƙara samun wannan fuskar ba har ya mutu. Layi kaɗan ya rage. Idanu kawai yake so ya gani.

"Manga!" in ji Goggo.

Ya jira. Numfashi ɗaya tak.

Sai injin ya yi dariya. Dariyar Adda, cikakkiya, wadda ake ji daga bakin layi. Ita kuwa Adda tana durƙushe a ƙasa, hawaye na zuba, baki buɗe, shiru.

Idanun suka sauko.

Ba su da fari. Suka ƙifta. Suka juya gefe, suka sauka a kan Adda.

Ya danna. Maɓallin ya cije.

Ya sake dannawa. Wani abu ya ja faifan daga ciki.

Goggo ta ɗaga murya da Ayatul Kursiyyu. Manga ya cusa sukundireba a ramin, ya danne maɓallin da gwiwar hannu, ya banƙare da duk ƙarfinsa. Ruwan sanyi ya naɗe masa wuyan hannu kamar yatsu.

Faifan ya yi tsalle ya fito.

Murfin ya koma da kansa. Ƙat.

Gilashin ya yi baƙi. Kwaɗin suka yi tsit. A waje liman na sallame sallah.

Adda ta yi tari, ta tofar da yashi. Da ƙyar, da wata 'yar siririyar murya, ta ce, "Manga." Ya zube ya rungume ta yana kuka kamar yaro, bai ji kunyar kowa ba.

Kafin isha Goggo ta naɗe faifan da sabon zare, ta ɗinke fatar da hannunta, ta mayar ƙasan akwatin. Ta ce ba a ƙona shi, ba a kuma jefa shi a ruwa, don can ne gidan abin da ke ciki. Manga ya farfasa injin da guduma. Tun ranar bai ƙara hura kayan kowa ba, buroshi yake sa wa.

Muryar Adda ta dawo sarai, da faɗanta da surutunta. Dariyar ce ba ta dawo ba. In abin dariya ya faru sai ta buɗe baki, kafaɗunta su yi ta rawa, ba sauti. Masu keke sun daina kwatance da gidan.

Wata magariba Manga ya shigo ya same ta zaune a bakin ƙofar ɗakin Baba, ta jingina kunne da katako. Ta ɗaga masa hannu ya yi shiru. Daga ciki, daga ƙasan akwatin, ana ƙyalƙyala dariya a hankali.

"Ka ji?" in ji ta, ba ta dube shi ba. "Haka nake yi a da, ko?"