Katin Da Umma Ta Hana A Buga

Auta ta baza samfurin katin gayyata a kan kafet, wayarta maƙale a kunne tana hira da Dogo, bakaniken da za ta aura.

"Wannan dizain ɗin mai ruwan zuma ya fi tafiya da ni, har ambulan ɗinsa..."

Sai ƙarar faɗuwar faranti. Umma ce tsaye a ƙofar falo, kofuna sun tarwatse a ƙasa, idonta ƙur a kan katunan.

"Kwashe su! Ba a gidan nan ba!"

"Umma, samfur ne fa kawai..."

"Na ce ki kwashe!"

Auta ta tattara su jiki a sanyaye. Ta san dalili sarai. Shekarun baya an sa ranar auren yayarta, wadda suke kira Yaya Babba. An buga kati, an raba gari-gari, sai zazzaɓi ya kwantar da amarya, bai tashe ta ba. Dangi na nesa ba su samu labari ba. Ranar da ke rubuce a katin suka riƙa sallama cikin kwalliya, da kati a hannu, suna tambayar ina amarya. Umma ce ke buɗe musu ƙofa. Tun daga nan ko katin maƙwabta aka kawo ba ta taɓawa, ragowar na marigayiyar kuwa suna cikin kwali a ɗakinta da aka kulle. In Auta ta gitta ta wurin, takan rantse tana jin warin tawada.

Da maganar ta isa gidan su Dogo, yayarsa da ta raine shi, wadda kowa ke kira Anti, ta yi tsalle ta dire.

"Aure babu kati? Ɓoye mu za su yi don ƙanena yana wanka da baƙin mai? In kunyarmu suke ji su riƙe 'yarsu!"

Washegari Dogo ya tare Auta a bakin garejinsa, fuska ba annuri.

"Mu ba da oda a ɓoye mana. A raba wa danginmu kawai, Umma ba za ta sani ba."

"In kuma wani ya shigo gidanmu riƙe da shi fa? Kana so ta yanke jiki ta faɗi?"

"To ni in yi yaya? Anti ta ce ko kati ko a fasa!"

Hawaye ya zubo mata. "Ina sonka, Allah ya sani. Amma ba zan shiga gidanka ta bayan idon uwata ba."

Dogo ya daɗe yana murza tsumma a hannunsa. Can ya ce, "Share hawayenki. A ɗaga ranar. Zan jira Umma, zan kuma lallaɓa Anti."

Aka ɗaga. Gulma ta tashi, wasu na cewa angon ne ya gudu, Anti ta daina amsa gaisuwar Auta. Ita kuwa ba ta ƙara furta kalmar kati ba. Tana shara, tana girki, tana yi wa Umma tausa, amma kullum ƙara ramewa take, har zobe ya daina zama a yatsanta.

Wata la'asar Umma ta fito daga ɗaki, ta hango mutum tsaye a ƙofar ɗakin marigayiya, da farin mayafi, an jingina goshi da ƙyaure. Wuyan nan siriri, kafaɗun nan a zube, daidai yadda ciwo ya mayar da 'yarta ta fari.

"Babba?" ta ce.

Aka juyo. Auta ce, idanu jawur.

"Ni ce, Umma. Na zo ne in gaya mata an ɗaga."

Umma ta zauna daɓas a ƙasa. Ta jawo Auta tana shafa ƙasusuwan wuyanta, kamar yau ta fara ganinsu.

"Wayyo ni! Waccan Allah ne ya karɓa. Ke kuwa da hannuna nake neman kashe ki."

Da safe ta yafa mayafi ta ce wa Auta, "Kai ni wurin mai buga katin."

Shagon ƙarami ne, inji na ƙugi a ciki, takardu jibge har rufi. Warin tawada ya daki Umma, ta dafe bango. Auta ta kama hannunta.

"Umma, mu koma."

"A'a. Ina mai ruwan zuman?"

Mai shagon ya ɗora mata shi a tafin hannu. Ta riƙe shi gam, ba ta saki ba. Ta ce a buga, a kuma ƙara layi ɗaya a ƙasa, na roƙon addu'a ga yayar amarya da ta riga mu gidan gaskiya.

Katin farko da ya fito, Umma da kanta ta kai wa Anti. Anti ta karɓa tana taɓe baki, har idonta ya kai layin ƙarshe. Umma ta ba ta labarin baƙin da suka zo biki suka tarar da makoki. Anti ta rufe fuska da gyale ta fashe da kuka.

"Ki yafe ni, Umma! Na zaci raina mu kuka yi."

Ranar ɗaurin aure gida ya cika maƙil. Umma ta zauna a tsakiyar baƙi tana ta murmushi, hawaye na bin kumatunta. Da Dogo ya durƙusa gaishe ta, ta dafa kansa.

"Ka jira ni ban roƙe ka ba. Allah ya ba ka 'ya'yan da za su yi haƙuri da kai."

Wannan addu'a ta bi su har tsufa. Masoyan da suka yi haƙuri da raunin zuciyar iyaye, suka ƙi bin ɓoyayyiyar hanya, ba sa yin asara. Abin da suke so yakan zo musu, kuma ya zo da albarka.