Ruwan da Auta Ta Ɓoye

Wayar Tela ta yi ƙara a kan teburin falo, shi kuwa yana banɗaki yana wanka. Matarsa Auta na zaune ta miƙe kumburarrun ƙafafunta, amma tana jin ƙarar ta manta da nauyin cikinta na wata takwas, ta yunƙura ta fizgo wayar.

"Halo, Telana," in ji wata murya, "rigar nan fa ta ɗan matse ni..."

"Telan wa? Baiwar Allah, telan yana da mata! In ta matse ki, ki rage ci!"

Ta kashe wayar tana huci. Tela ya leƙo da tawul a wuya, dariya na cinsa.

"Haba Autata! Wannan matar fa ta yi jika."

"Mai jika ce take maƙale murya haka? Sai wani 'Telana', kamar ita ta raine ka!"

"To sori, ranki ya daɗe." Ya durƙusa ya kama ƙafarta yana matsawa a hankali. "Ki daina tayar min da hankalin bebi."

Maganar gaskiya, Tela yana son Auta son da har abokansa ke yi masa tsiya. Laifinsa ɗaya a duniya: ɗinkin mata yake yi, kuma hannunsa na da kyau. Ita kanta Auta ɗinki ta kai shagonsa suka haɗu, shi ya sa ba ta yarda da ƙofar nan ba, don ta san ta nan ta shigo. Tun da suka yi aure ta kafa doka: ba ya gwada kowace mace da tef, kowa ta zo da tsohuwar rigarta. Da hakan bai ishe ta ba, sai ta sayi kujerar roba ta dasa a bakin shago. Nan take wuni, tana yi wa kwastomomi kallon sama da ƙasa.

Mai hura wutar kuwa yayarta ce, wadda suke kira Yaya. Aurenta ya mutu ne bayan wata doguwar jinya da ta yi, tun daga nan ta yanke cewa duk maza halinsu ɗaya. Akwai kuma abin da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba: duk sanda ta ga Tela ya riƙo wa Auta jaka, ko ya gyara mata filo, sai hassada ta kama ta.

Wata safiya Auta ta tashi ta ga zaninta a jiƙe. Ba fitsari ba ne, ba ta kuma jin ciwon komai, ruwa ne kawai ke ɗiga kaɗan-kaɗan. Ranar awonta ce dama. Tela ya so ya raka ta, amma kayan wata amarya da na ƙawayenta sun cika masa shago, don haka Yaya ta raka ta.

Sistar da ke duba masu ciki ta gama gwajinta ta cire safar hannu, fuskarta ba wasa.

"Fayarki ta tsage, ƙanwata. Jakar ruwan nan ita ce rufin da ke kare yaro. Tunda ta buɗe, ƙwayoyin cuta za su iya hawa su shiga mahaifa, shi kuma a cikin ruwan yake kwance, yana haɗiyarsa. Gado za mu ba ki yau, mu fara miki magani, mu sa miki ido."

"Har yaushe, Sista?"

"Har ki haihu."

Auta ta ce bari ta je ta gaya wa maigidanta, ta ɗauko kaya. Suna fita Yaya ta ja ta gefe.

"Ke yanzu kwanciya za ki yi? Shago cike da ƙawayen amarya, kowace ta sha turare kamar ta yi ɓari? Ni ma fa a gadon asibiti nake aka ɗauke min nawa!"

"Amma Yaya, Sista ta ce..."

"Sista za ta tsare miki miji? Ɗan ruwan nan me zai yi? Mata nawa suka yi shi suka haihu lafiya? Ki sa auduga ki koma kujerarki."

Auta ta so ta koma wurin Sista, amma da ta tuna wata doguwa a cikin ƙawayen amaryar, mai yawan dariya in Tela ya yi magana, sai kishi ya rufe mata ido. Da Tela ya tambaye ta yadda awo ya kasance, ta ce, "Lafiya lau, an ce komai nomal."

Ta koma kujerarta. Kwana ɗaya ya wuce, wani ya bi shi, ruwa na ɗiga tana canja auduga a ɓoye. Sai ruwan ya fara sauya launi, ya fara wari, ta riƙa fesa turare. Mararta ta yi tsami, ko zani ya taɓa sai ta cije leɓe. Duk da haka idonta na kan doguwar nan.

Rannan da rana tsaka, ana zafi kamar a cire riga, 'yan matan suka zo gwada kaya. Doguwar ce ta fara lura.

"Anti, lafiya? Jikinki fa rawa yake!"

"Ina ruwanki da jiki—" Haƙoranta suka hau kaɗawa, maganar ta maƙale.

Tela ya tsallake keken ɗinki ya taɓa goshinta, ya janye hannu da sauri. "Innalillahi! Auta, wuta ce a jikinki!"

A motar doguwar aka kwashe ta zuwa asibiti. Sista na ganinta ta gane ta, ta juyo kan Tela a fusace.

"Kai ne mijin? Kai ne ka hana ta kwanciya? Na ce mata fayarta ta tsage, ta ce za ta je ta gaya maka, shiru ba ta dawo ba! Wane irin rashin imani ne wannan?"

Tela ya buɗe baki, ya dubi Auta da ke kan gadon turawa. Ta kawar da kai. A nan ya gane komai. Mutane sun taru suna kallonsa, wata tsohuwa har da tsaki. Maimakon ya tona mata asiri, sai ya ce, "Ki yi haƙuri, Sista. A taimaka mata."

Aka ɗaura mata ruwan naƙuda da allurai, kafin yamma ta haifi ɗa namiji. Sai dai bai tsala kukan da ake jira ba. Wani ɗan gurnani yake yi da kowane numfashi, haƙarƙarinsa na lotsawa, jikinsa saɓule. Aka kai masa nono ya ƙi kamawa. Ko rungumarsa Auta ba ta yi ba aka wuce da shi ɗakin jarirai, aka sa shi a kwalbar renon jarirai.

Likita ya kira Tela ya yi masa bayani ba ɓoye-ɓoye: cutar da ta shiga mahaifa ta kama yaron tun yana ciki, ta shiga jininsa, har ta taɓa rufin ƙwaƙwalwarsa. Za su yi iya ƙoƙarinsu, sauran sai addu'a.

Washegari mahaifiyar Tela ta iso, labarin Sista ya riga ya kai kunnenta. A bakin ɗakin masu jego ta tare shi.

"Ashe haka na haife ka? Saboda ɗinki ka hana 'yar mutane magani? In jikana ya mutu, ka san da wa kake!"

"Ki gafarce ni, Mama," in ji shi, kansa a ƙasa.

Auta na jin su daga kan gado. Wannan "ki gafarce ni" ta fi mata naƙuda zafi. Ta dafa bango ta fito, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Mama, ba shi ba ne! Wallahi bai ma sani ba! Ni na ɓoye, don kada in kwanta in bar shi da matan shago!"

Mama ta tafa hannu. "Kishi? A kan kishi kika jefa min jika a kwalba? Kai, ka ji da kunnenka. Ana sallamarta ta wuce gidansu!"

"Mama, raina ya ɓaci fiye da naki," in ji Tela. "Tun jiya ban iya kallon fuskarta ba. Amma yaron can yana bukatar uwarsa, ni ma ina bukatarta. Ki bar min ita."

Yaya da ke raɓe a bayan ƙofa ta sulale za ta fice. Auta ta kira ta. Ta tsaya ba ta juyo ba.

"Ban so ya kai haka ba," in ji Yaya da kyar. "Na dai kasa jure ganin ana yi miki abin da ba a taɓa yi min ba."

Jinya ta yi tsawo. Tela ya rufe shago, kayan amarya ma wani abokin sana'arsa ya miƙa wa ya ƙarasa. Kullum yana tsaye jikin gilashin ɗakin jarirai, yana kallon ɗan hannun da aka naɗe da filasta saboda allura. Auta kuwa ta tatsi nono a ɗan kofi ta miƙa wa nas, a zura wa yaron ta siririyar roba a hanci. Ba ya yi mata faɗa, ba ya kuma yi mata hira, sai dai duk safiya ta tarar ya kawo mata ruwan zafi a fulas. Shirun nan ya hore ta fiye da duka.

Sai wata hantsi nas ta fito da yaron a hannu ta ce, "Maman bebi, zo ki gwada." Auta ta karɓe shi ta sa a ƙirji. Ya yi 'yan lalube-lalube da baki, ya cafki nono, ya ja da ƙarfi har ta ce "Wash!" Tela ya fashe da dariya, dariyar ta koma kuka, ya dafa kafaɗarta a karo na farko tun ranar da aka kawo ta.

Yaro ya tashi, haƙurin Tela bai faɗi ƙasa banza ba. Auta ta dawo masa mace mai natsuwa, Mama ma da kanta ta sauko. Sai dai kafin a sallame su an gwada jin yaron, likita ya ce kunnen dama garau yake, na hagu kuwa ciwon ya tafi da shi.

Don haka, 'yan'uwana mata, in ma'aikatan asibiti suka ce a kwanta, a kwanta. Ruwa in ya fara zuba kafin lokaci ba abin ɓoyo ba ne, kuma ba kowane mai zuga ne ke son ki da alheri ba. Kishi in ya wuce kima, ba kan wadda ake zargi yake sauka ba, kan na gida yake sauka.

Yau yaron yana gudu a tsakar gida, lafiyayye, mai surutun tsiya. Wani lokaci Auta takan manta ta kira shi ta hagu, ya ci gaba da wasansa bai waiwayo ba. Sai ta zagayo ta dama, ta durƙusa ta sake kiransa.