Addu'ar da Audi Ya Goge

"Kowa ya kwanta! Fuska a ƙasa!"

Faruk bai ga komai ba, ji kawai yake yi. Aikinsa ke nan a cikin su ukun: zama a bayan sitiyari, inji a kunne, ƙafa a kan totur. A lungun bayan wani babban shagon sari a Abakpa ya tsaya, da hantsi. Audi, ogansu, yana ciki tare da Sharhabil, kowanne da ƙarfe, wato bindiga, a hannu. Sun bar but ɗin motar a buɗe, murfin ya tare masa madubin baya.

Sai takun gudu. Jakunkuna suka faɗa but, tim! tim! Sannan wata murya daga bayan motar, ta fara magana aka katse ta.

"Kai, ashe kai ne..."

Ƙum! Kokawa ta ɗan lokaci. Motar ta yi ƙasa da nauyi. Aka doka murfi, Audi ya faɗo gaba, Sharhabil baya yana haki.

"Ja mota!"

"Wa kuka sa a but?"

"Wani ɗan dako ne mai tsautsayi, ya ga fuska. Ja, na ce!"

Faruk ya fizgi mota. Suna hawa titi aka fara buga but daga ciki, a hankali, ba irin bugun mai ihu ba. Audi ya dube shi ta gefen ido.

"Ƙara rediyo, baaba."

Ya ƙara. A wani kango da ke bayan gari Audi ya ce ya sauka ya nemi acaɓa ya tafi gida, su za su kai mutumin daji su sake shi. Faruk bai ko waiwayi motar ba. Shi dama haka yake, abin da bai gani ba bai shafe shi ba, da wannan dabarar yake samun barci.

Gidansu a Malali yake, gidan marigayi mahaifinsu, tsohon ma'aikacin gwamnati. Mama Hasiya ce a ciki, da ƙanwarsa Juwairiyya, da babban wansu Nuraddeen, wanda ya gaji uban a aikin ofis da kuma ɗawainiyar gida. Yaya Nura ne ya biya wa Faruk makarantar da bai gama ba. Shi ne kuma kullum da asuba yake tsayawa a ƙofar ɗakinsa yana ƙwanƙwasawa, "Faruk, salla," Faruk ya ja bargo. A gida, a saninsu, Faruk direban Audi Mai Motoci ne, dillalin da kowa ke gaisarwa a unguwa.

Ranar da aka yi aikin nan, Yaya Nura bai dawo ba. Ya ce zai je Zariya kai saƙon ofis ya juyo kafin magariba. Wayarsa a kashe. Washegari aka tsinci babur ɗinsa a tashar Kawo, a kulle tsaf. Shi ke nan, kowa ya yanke hukunci: a hanyar Zariya aka ɗauke shi.

Tun a daren farko Juwairiyya ta sa hotonsa a zauren Fesbuk na 'yan unguwa, ta rubuta cigiya. Kafin ka ce kwabo sai zauren ya kama da wuta.

"'Yan sanda suna ina? Sai tare mai acaɓa suka iya!"

"A yi musu adalci, jama'a. Mota ɗaya ce a ofishin, ita ma sai an tura."

"Kai ɗan sanda ne ko surukinsu?"

"Ni ƙanin mijin maƙwabciyata ya ce an gan shi a Birnin Gwari."

"Allah ya bayyana shi. A dage da addu'a, a rage surutu."

A cikin masu zafin nan babu kamar Audi. Safe da yamma yana kan waya. "Su bar zaman ofis su shiga dajin hanyar Zariya!" "In ɗan wani babba ne da tuni an gano shi!" Mutane suna ta danna masa alamar so. Ya zo gida da kwalin lemo da buhun shinkafa, ya durƙusa gaban Mama har da share ido. Mama ta ce, "Faruk, ka riƙe wannan mutumin, ɗan halak ne." Wallahi har zuciyarsa Faruk ya ji daɗi, ya ce ko ba komai ana ganin amana a cikin ɓarayi.

Sau ɗaya ya tambaya. "Oga, ɗan dakon nan fa?"

"Mun sake shi tun ranar. Ka ji da abin da ke gabanka, gaye."

A ofishin 'yan sanda kuwa, Sufeto Garba yana karanta zagin da ake yi musu, ɗaya bayan ɗaya, bai taɓa mayar da martani ba. Sun bi tasha, sun tambayi direbobin Zariya, babu wanda ya ɗauki mai kama da Nuraddeen. Babu kuma wanda ya bugo neman fansa, wannan ne ya fi tsaya masa a rai. Rannan da hantsi ya yi sallama a gidan su Faruk, ya zauna a kan tabarma ya cire hula.

"Wane ne Audi Mai Motoci a wurinku?"

"Ogana ne," in ji Faruk.

"Mai son ku ne ƙwarai. Kullum hanyar Zariya yake nuna mana." Ya miƙe, ya ba Faruk lambarsa. "In ka tuna wani abu."

Bayan ya fita Juwairiyya ta ja Faruk bayan ɗakin girki. Idanunta sun kumbura, kwana da kwanaki ba ta rabu da wayar ba.

"Yaya, akwai abin da yake ci na. Duba nan."

Sharhin Audi ne, na farko a ƙarƙashin cigiyar: "Allah ya bayyana mana shi cikin gaggawa." A gefe an rubuta "an gyara". Ta danna. Rubutun asali ya fito.

"Innalillahi. Allah ya ji ƙansa, ya sa ya huta."

Faruk ya karanta, ya sake karantawa.

"Yaya, wa yake yi wa wanda ya ɓata wannan addu'ar? Ko yaro ya san ta mamaci ce. A lokacin fa ko babur ba a tsinta ba. Mutum ɗari sun yi sharhi, kowa 'Allah ya bayyana' ya ce, sai shi kaɗai."

"Kuskuren hannu ne," in ji Faruk.

"To. Na nuna wa Sufeto dai." Ta goge hanci da bakin mayafi. "Mama ma tana ta kuka, wai ita ta ja masa. Ta ce ya biya Abakpa ya sayo mata madarar sari kafin ya wuce, wai da bai tsaya ba da ya samu motar farko."

Abakpa.

Faruk ya zauna a kan turmi. Muryar nan ta dawo masa, wadda aka katse. Kai, ashe kai ne. Sharhabil ya sha cin tuwon Mama a gidan nan, Yaya Nura ya san shi kamar yunwar cikinsa, ko da ya rufe rabin fuska. Bugun nan ma ya dawo, a hankali, da haƙuri, irin na mai tada ɗan'uwansa salla. Ya tashi ya shiga bayi ya kulle ƙofa.

Bai yi kuka ba. Abin da ya cika shi ya fi kuka zafi. Shinkafar Audi ce a tukunyar gidansu, ita Mama take ci tana sa masa albarka.

Da yamma Audi ya kira su garejinsa. Sabon aiki: wani ɗan kasuwa zai fito daga Babbar Kasuwa ranar Alhamis bayan azahar, za su tare shi kafin ya kai banki.

"Za ka iya, baaba? In hankalinka ba ya jikinka, faɗa min. Na san kana cikin jarrabawa."

"Zan iya, Oga."

"Namiji! Insha Allahu Yaya Nura zai dawo."

Sharhabil bai ɗago kai ba, ƙasa yake ta kallo. Faruk ya fita, ya yi nisa da garejin, ya kira lambar Sufeto Garba.

"Na tuna wani abu, ranka ya daɗe. Amma ni ma ina ciki."

Sufeto ya ce, "Ka san abin da kake faɗa? Ba zan iya yi maka alkawarin komai ba."

"Ban nema ba."

Alhamis, rana tsaka. Ƙarafa a ƙarƙashin kujera. Audi a gaba yana latsa waya, wai yana ƙara zagin 'yan sanda kafin a fara aiki. Faruk ya danna makullin ƙofofi, ƙat! Ya saki hanyar kasuwa ya karya dama.

"Ina za ka? Ba nan ba ne."

"Oga, me ya sa ka ce Allah ya ji ƙansa?"

"Wa?"

"Yayana."

Audi ya yi dariya, amma ba ta kai ido ba. "Haba, gaye. Waya ce, hannu ya zame."

"Hannu ba ya zamewa ya yi wa rayayye ta'aziyya."

"Juya motar nan!"

Faruk ya ƙara wuta. Daga kujerar baya Sharhabil ya fashe da magana.

"Sunana ya kira, Faruk! Sunana! Na ce a bar shi, wallahi na ce a bar shi, Oga ya ce in ya sauka mun mutu duka..."

"Rufe min baki, shege!"

"Babur ɗin ma shi ya sa ni na kai Kawo!"

Audi ya zaro bindiga ya ɗora a haƙarƙarin Faruk. Fuskar nan ta mai kawo lemo ta tafi gaba ɗaya.

"To, ka ji. Sai me? Wa ya tuƙa shi? Ni? Wa ya ƙara rediyo? Taka birki ko in aika ka inda yake!"

"Harba."

Kwana ɗaya ta rage su isa inda ya shirya da Sufeto. Faruk ya sha ta da gudu, tayoyi suka yi ƙara — ga motar 'yan sanda a gicciye, ga wata ta ɓullo ta baya! Ya taka birki da ƙafa biyu. Kan Audi ya daki gilashi. Tau! Harsashin ya shiga cinyar Faruk.

"Kar wanda ya motsa! Hannu sama!"

Sharhabil ya fasa gilashin baya ya fita da ƙarfe a hannu. Bai yi taku uku ba. Tau! Tau! Ya kife a bakin kwata. Audi kuwa, jarumin Fesbuk, shi ne ya fara ɗaga hannu yana "Don Allah, ofisa, dillalin mota ne ni!" Wayarsa tana ƙasa, sharhin da bai gama rubutawa ba yana kan allo.

Kafin magariba Audi ya kai su kangon. Akwai tsohuwar rijiya a bayansa, an rufe bakinta da kwanon rufi.

Zauren ya sake kamawa. Waɗanda suka zagi 'yan sanda jiya su ne masu jinjina yau, babu wanda ya ce ya yi kuskure. Wasu suka koma suna goge alamar son da suka danna wa Audi. Wani ya rubuta, "Ni dama tun farko ban yarda da shi ba." Wata ta sa hoton Faruk ta ce a rataye shi tare da ogansa. Juwairiyya ta rubuta sanarwar jana'iza, ta fita daga zauren, ta kashe wayar.

Sharhabil yana kabari. Audi yana jiran alƙali. Nuraddeen ya bar tsohuwa da ƙanwa babu mai shigo musu da cefane. Faruk yana gadon asibiti, ankwa ta haɗa hannunsa da ƙarfen gado, ko sallar gawar bai samu ba.

Bayan sadakar uku Sufeto Garba ya shigo da Mama. Ta rame, hijabin ya yi mata yawa. Ba ta zauna ba, ba ta tambayi ƙafarsa ba.

"An ce kai ka ja motar."

"Ni ne, Mama. Wallahi ban san shi ba ne. Ce min suka yi..."

"Ban tambaye ka abin da suka ce ba. Da ransa a lokacin?"

"Da ransa."

"Ya yi magana?"

Faruk ya juya fuska ga bango. Ƙarya tana bakinsa, mai sauƙi, babu mai ƙaryata shi. Ya kasa.

"Ya ƙwanƙwasa, Mama."

"Sai ka yi me?"

"Na ƙara rediyo."

Ta daɗe tana kallonsa. Ya so ta mare shi, ya so ta tsine masa, ko me dai. Sai kawai ta gyara hijabinta.

"Shekara da shekaru yana buga maka ƙofa, Faruk. Ko sau ɗaya ba ka taɓa buɗe masa ba."

Ta juya ta fita. Ya kira ta, ya sake kira, ankwar tana ƙara a jikin gado. Ba ta waiwayo ba.