Dogo, Auta da Kwatar Layinsu

Cikin kwata ta fara ganinsa, taɓo har gwiwa, shebur a hannu. Dogo mai walda ne, shi ya tara samarin layin suna yashe kwata duk Asabar, ba mai biyansu. Auta ta fito daga shagon katifar babanta, ta shanye ruwan leda, ta wurgar da ledar ba ta duba ba. A kafaɗarsa ta sauka.

Bai yi faɗa ba. Ya ce ta gaba ta taimaka ta sa a kwando, bayansa ya gaji. Kunya ta kama ta, ta koma ta kawo masa ruwa a kofi. Daga nan aka fara.

Ta daina karɓar leda a kasuwa, ta ɗinka jaka da ragowar yadi. Ƙawayenta suka sa mata Uwar Shara. Saƙonninta da Dogo a waya gajeru ne.

"Autata, yau leda nawa kika ƙi?"

"Duka, Sarkin Kwata. Ka yi wanka da sabulu kafin ka tuna da ni."

Aikin samarin yana da tsari. Taɓon da suka kwaso sai su tsiba shi a bakin kwata ya tsane, motar shara ta zo ta kwashe. Wannan karon a ƙofar shagon katifa suka tsiba. Mota ba ta zo ba, ruwan sama ya zo. Tsibin ya zame ya toshe bakin kwalbati, ruwa ya shiga shagon, katifu suka sha har suka ƙoshi.

Baban Auta ya ce shekara da shekaru kwatar nan tana wari ba ta taɓa shigar masa shago ba, sai da masu gyara suka zo. Da kawun Dogo ya je da maganar neman aure, ko wurin zama ba a ba shi ba. Aka karɓe wayar Auta. Gwaggonta kuma ta shiga yabon ɗan mai kamfanin ruwan leda, yaro mai mota da turare.

Dogo ya rubuta: "Autata, in kin haƙura da ni ki faɗa min. Ba zan ga laifinki ba."

Shiru. Ya ga motar yaron a ƙofar gidansu, ya ɗauka amsar ke nan.

Samarin suka watse. Ɗaya ya ce a kwashe da safe a zuba da yamma, wannan aikin baban giwa ne. Ba ƙarya ya yi ba.

Dogo ya haɗa baro da tsoffin ƙarafa. Asabar ya shiga kwata shi kaɗai, ya cika baro, ya tura har bola, ya dawo. Ko shebur ɗaya ba ya bari a bakin hanya. Mai katifa yana kan benci yana kallo, ba ya amsa gaisuwarsa.

Wata Asabar Auta ta fito da safar hannu ta kama baron.

"Na zaci kin shiga mota," in ji Dogo.

"Wayata tana aljihun Baba. Kai ba ka da ƙafar zuwa tambaya? Matsa, dogon banza."

Baban ya ce ta dawo. Ta ce, "To Baba, in kai wannan tukuna." Ta kai ɗin.

Sai ya kira Dogo, ya tambaye shi ko yana ganin kwatar nan za ta gyaru.

"Ba za ta gyaru ba, Baba. Amma in na bari sai ta fi haka."

Mai katifa ya tashi daga benci. Da ya shiga gida ya gaya wa matarsa cewa wanda ya san ba nasara a aiki kuma bai gudu ba, ba zai gudu ya bar masa 'ya ba. Ya ce a aika wa kawun ya dawo.

Aka ɗaura aure. Jama'a suka cika layin, aka ci aka sha, ango yana tsaye cikin farin yadi yana kallon inda ledojin suke sauka. Asabar ta gaba su biyu ne a bakin aiki, shi da shebur, ita da baro.

Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a tagari, ya ƙara musu ƙarfin baya. Kwatar dai ta sake cika, hadari kuma yana haɗuwa a gabas.