Ƙofar da Ba Ta Buɗuwa ta Ciki

A bakin shagonsa na ɗinki Dogo ya fara ganin budurwar, ta taso daga aikin asibiti, hadari ya haɗo. Ya rage mata hanya a tsohuwar motar da mahaifinsa ya bar masa, wadda yake kira Kaka. Da suka isa ta ja mariƙin ƙofa, ƙofa ta ƙi. Ya fito, ya zagayo, ya buɗe mata.

"Ashe da sauran maza masu ladabi," ta ce.

"Ba ladabi ba ne. Ƙofar ce ba ta buɗuwa ta ciki."

Wannan gaskiyar ce ta sace zuciyarta. Tun daga ranar yake kiranta Fasinjata.

Amma akwai wani mai nemanta, ɗan aminin babanta, mai sabuwar mota: ga sanyi, ga kujerun fata, ba ƙara ba hayaƙi. Shi ba ya fitowa, hon yake dannawa. Da babanta ya ji labarin Kaka, sai ya ce, "Wanda motarsa sai an tura, gidansa ma turawa za a yi?"

Maganar ta soki Dogo. Ranar da zai je gaishe da tsohon, ya ari sabuwar motar abokinsa. Wauta ce, ba ta da wani suna.

"Taka ce?" in ji Baba.

"Eh, Baba."

"To, kai ni bakin titi."

Motar mai canza giya da kanta ce, ba ta da kuloci. Ƙafar hagun Dogo ta nemi abin da ta saba takawa, ta danne burki. Hular Baba ta faɗo cinyarsa.

"Mota ta san mai ita," Baba ya ce. "Sauke ni. Talaka zan iya ba shi 'yata, maƙaryaci kuwa a'a."

Da yamma saƙonta ya shigo: "Dogona, na so ka ne ranar da ka faɗa mini aibin ƙofarka. Wa ka turo gidanmu yau? Ban san shi ba."

Ya mayar mata da amsa: "Fasinjata, ni ma ban san shi ba. Gobe ni zan zo."

Washegari Kaka ta iso da tarinta. Dogo ya durƙusa. "Baba, na yi ƙarya. Wannan ce tawa. Tana shan mai, tana ƙin tashi da safe, amma ba ta taɓa kwanar da ni a hanya ba."

Baba ya shiga motar. Suka zaga unguwa suka dawo. Baba ya ja mariƙi, ya sake ja. Dogo ya zagayo ya buɗe.

"Kada ka gyara ƙofar nan," tsohon ya ce. "Turo manyanka."

A Kaka aka kai amarya, angon ya zagayo ya buɗe mata. Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai faɗin gaskiya.