Igiyar Tsani

Da ƙarfe takwas na safe aka tsinci Ulan a ƙofar gidansu a Jirgalan, babur ɗinsa na tafiya kan ƙanƙara ya danne masa ƙirji. Tsanin ƙarfen da ake bi a hau da babur bayan a-kori-kura yana yashe a gefe. Kafin a kai shi asibitin Karakol ya cika.

Sufeto Ainagul ta auna wurin. Daben motar ya kai kafaɗarta. Mai hawa irin wannan tsani sai ya taho da gudu, shi ya sa ake ɗaure bakin tsanin da igiya a jikin mota, kada ƙarfin babur ya tunkuɗe shi. Babu igiya, babu ko guntunta.

Ta fara da Mirlan, direban marigayin.

"Ka manta ka ɗaure?"

"Ranki ya daɗe, jiya da la'asar na ɗaure. Matarsa na tsaye, har tana min tsiya wai kamar mai ɗaure raƙumi."

Matar ta tabbatar. Ta ƙara da cewa masu yawon buɗe ido huɗu ne suka nemi Ulan ya kai su bayan dutse. Surukinta, tsoho Toktosun mahaifin Ulan, ya hana, don ƙanƙara ta yi nauyi, tana iya zaftarewa. Ulan ya yi dariya.

Sai Kubat, shi ma mai kai baƙi dutse, wanda suka sha faɗa da Ulan kan baƙin. Ya ɗaga hannunsa na dama, naɗe cikin filasta.

"Da wannan zan kwance ƙullin Mirlan? Ko wandona ƙanwata ke ɗaure min. Da ni ne, yanka ta zan yi in wurga a kogi."

Maganarsa ta tsaya mata a rai. Ta bar laluben kogi da juji, ta shiga bargar gidan su Ulan. Ga igiyar rataye a turke tare da ragamar dawakai, an naɗe ta tsaf, an ƙulle da ƙullin makiyaya.

Ta sami Toktosun a ɗaki, shayi ya huce a gabansa. A bango akwai hoton babban ɗansa, wanda ƙanƙara ta binne a bayan dutsen nan shekara shida da suka wuce. Ta ajiye igiyar kusa da burodi.

"Baba, maƙiyi ba ya adana igiya. Wanda ya yi shekara hamsin yana kiwo ne hannunsa ba ya iya jefar da ita."

Sai tsohon ya ce:

"'Yata, na gwada. Ranar da ba kowa na tura tsanin da ƙafa, ya zame nan take. Na ce da zarar babur ya taɓa shi zai faɗi tun daga ƙasa, hancin babur ya karye, yaro ya zauna a gida ya yi ta zagina."

"Yaushe ka gwada?"

"Shekaranjiya da azahar."

Abin da ta zata ke nan. Da azahar rana ta narkar da komai. Amma da asuba sanyi ya manne bakin tsanin da daben motar. Ƙanƙarar ta riƙe har babur ya kusa kaiwa sama, sannan ta saki. Ta gaya masa haka, a taƙaice.

"Ashe ta riƙe," in ji shi.

"Ta riƙe, Baba. Sai ka sa riga."

A tsakar gida ya tsaya ya dubi dutsen. Rana ta haske shi, ƙanƙarar na nan lafiya lau, ko ƙwaya ba ta motsa ba. Baƙin nan huɗu sun hau tun hantsi da wani mai babur, ga su can suna gangarowa suna ihu.

Ainagul ta buɗe masa ƙofar gaba ta motar 'yan sanda.